Zanen da Ya Raba Gardamar Baka Biyu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba itace lanƙwasa, ya ba kibiya hanya, ya ba maza baki, mu kuma ya ba mu ido. Ku matso ku gyara zama. Ni Hansai 'yar Nomau ba gwanar magana ba ce, karatuna ma iyakarsa in haɗa baƙi da baƙi. Amma abin da na gani na gani, kuma tun da takarda ba ta kallon mutum balle ya ji kunya, zan faɗa mata.

A bayan teku bakwai, inda rana ke fitowa a makare saboda nisa, akwai wata ƙasa ana ce mata Gandamau. A cikinta akwai garuruwa biyu, tafiyar wuni ɗaya tsakaninsu. Ɗaya Tudun Ƙadangaru, a kan falalen dutse, inda wanki ke bushewa tun kafin ki gama shanya. Can aka haife ni. Ɗayan Gangaren Kwaɗi, a bakin kogi, inda raɓa ke kai wa hantsi, tabarma kuma in kin manta da ita kwana biyu sai ta yi tsiro. Can aka kai ni aure.

Duka garuruwan da sassaƙa baka suke ci. Mutanen Tudu in sun sassaƙa baka sai su daka jijiyar gwanki har ta yi laushi kamar auduga, su tsoma ta a danƙon da aka dafa da fata, su shimfiɗa ta a bayan bakan, su bar shi wata uku ya bushe. Shi ake kira baka mai jijiya. Mutanen Gangare kuwa su sassaƙa itacen dargaza, su shafe ta da man kaɗe, su ɗaura tsirkiya, shi ke nan. Shi ake kira baka zalla. Na Tudu suna cewa baka zalla sanda ce da aka ɗaura wa igiya. Na Gangare suna cewa baka mai jijiya majinyaci ne da ɗaurin karaya.

Baffana shi ne Sarkin Bakan Tudu, surukina Sarkin Bakan Gangare. Abokai ne tun suna samari, shi ya sa aka haɗa mu. Wata huɗu da tarewata Baffa ya sauko gaisuwa, na dama musu fura, na koma bayan zana ina jinsu.

"Jatau," in ji Baffa, Allah ya yafe mini kama sunan, "bakan nan da ka aiko mini na gwada shi a bayan gidana. Kibiyar ta fita kamar tsohuwa za ta gaisuwar mutuwa."

Surukina ya ajiye ludayi. "Ni ma na gwada naka a bakin kogi, Nomau. Na harba, na je na yi alwala, na dawo na tarar ba ta isa ba."

Da dariya aka fara. Kafin fura ta ƙare surukina ya rantse da gizagon kakansa cewa ba zan taka Tudu ba sai Baffa ya faɗa da bakinsa baka zalla ya fi sauri. Baffa shi ma ya rantse da nasa gizagon cewa ba zan shiga gidansa ba sai surukina ya ce mai jijiya ya fi. A Gandamau kuwa rantsuwa da gizago ba ta da kaffara. Su suka yi faɗa, ni aka rufe wa ƙofa ta gaba da ta baya.

Abin da ba wanda ya sani, ina da ciki wata biyu. A al'adarmu haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi, a wata na bakwai ake tafiya. Ba na jin tsoron kura, ba na jin tsoron kogi, amma in na tuna ranar nan za ta zo ba hannun Inna a bayana, sai tsoro ya kama ni. Wa zan gaya wa? Cikin fari ba a faɗarsa.

Maigidana, wanda sunansa ba zai fito daga bakina ba, mutum ne mai kyan zuciya da kyan hannu, sai dai in ya fara magana kaji kan gaji su shiga akurki. Ya ce zai zaga duniya sai ya samo wanda zai raba gardamar. Ya rataya baka biyu, ɗaya na ubansa ɗaya na ubana. Da ya fito da safe ya tarar da ni a kan jakinmu Ba-Gaggawa, da ɗan turmi da taɓarya, da mazari, da allura, da zanena na saƙi baƙi mai farin tambari ɗaya a tsakiya.

"Ke kuma ina za ki?"

Na ce, "Wa zai dafa maka?"

Ya yi tunani, ya ga magana ce, muka kama hanya.

Kwana ashirin muna tafiya muka isa Birnin Kunnuwa. Mutanen wurin kunnuwansu har gwiwa, su kwanta a kan ɗaya su rufa da ɗaya. An shimfiɗe titunansu da auduga, an ɗaure wa zakaru baki, ciniki ma da raɗa ake yi. A bakin ƙofa aka tsare Ba-Gaggawa, aka ce irinsu ba sa shiga. Aka kai mu gaban alƙalinsu, wani tsoho da ake cewa yana jin gardamar tururuwa a cikin rami. Maigida ya yi bayani da raɗa, gumi na zubo masa don wahalar rage murya. Ya harba mai jijiya da kibiyar Tudu, ya harba zalla da kibiyar Gangare.

Alƙali ya daɗe ido a rufe, sannan ya ce, "Yaro, kibiyar farko ta fi ta biyu nauyi da ƙwayar gero goma sha ɗaya. Kuma na farko ka ja shi har kunne, na biyu ka tsaya a haɓa. Ka ɗora wa jaki ɗaya buhu, ka bar ɗaya wayam, kana tambayata wanne ya fi gudu? Kibiya ɗaya, hannu ɗaya, ja ɗaya. Sake harbawa in ji."

Da maigida ya yi shiru ya sake harbin nan, da hikayar ta ƙare a nan. Sai daɗi ya kama shi, ya tafa hannu ya ce, "Wallahi gaskiyarka, Baba!" da muryar da yake kiran mutum daga ƙetaren kogi.

Alƙali ya suma. Dattawa bakwai suka bi shi. Da suka farfaɗo aka yanke wa maigida shekara guda a ɗakin auduga, sai ya koyi shiru. Ni kuwa aka ɗauke ni kamar 'yar sarki, don kwana uku a garin ba wanda ya ji muryata. Matansu suna zuwa kallona, suna nuna ni ga 'ya'yansu.

Na ƙirga shekara da yatsuna, na ƙirga wata bakwai, na ga ba su haɗu ba. Sai na roƙi izini da hannu in yi wa ɗaurarre fura. Aka yarda. Na je wurin jaki na ɗauko turmi. Su ba su taɓa ganin turmi ba, jiƙa hatsi suke yi har ya narke. Suka kewaye ni a ƙofar kurkukun suna sha'awa. Na zuba gero, na ce bismillah, na saki lugude irin na gidanmu, ina jefa taɓarya sama ina tafi. Kafin bugu na goma dogarai sun naɗe cikin kunnuwansu kamar tabarmi. Ba-Gaggawa ya ji daka daga waje, ya tuna da dusa, ya kama kuka. Maigida ya ture ƙofa, muka fita ta tsakiyar gari ba wanda ya iya ɗaga kai.

Da muka yi nisa ya ce, "Kin ga dabarar da muka yi?"

Na ce na gani.

Daga nan muka yi wata guda muka faɗa Faƙon Gishiri. Ƙasa fara fat, gidaje na gishiri, mutane a kan jiminu, ba ciyawa ba itace. Iskar wurin in ta busa miki sai leɓe ya tsage. Rijiya ɗaya ce a ƙasar duka, mabuɗinta a wuyan wata tsohuwa, Magajiya Tabawa. Ta ce al'adarsu baƙo ba ya shan ruwa sai ya fasa goran da aka rataye a kan wani ginshiƙin gishiri, daga taki ɗari da hamsin, da kibiya ɗaya tak. In ya kuskure, shi da iyalinsa su haƙa gishiri rani bakwai. Ta ba mu zuwa gobe. Ruwan salkarmu bai fi na wuni ba.

Wurin ba inda mace za ta fake, sai na kafa sanda biyu na rataya zanena ya zama mini shamaki, na tafi neman kashin jimina na hura wuta. Da na dawo na hango maigida ya auna taki sittin daga zanen, ya sa wa kibiya alamar gawayi inda ja zai tsaya, kamar yadda alƙali ya ce, yana auna farin tambarin. Zanen aurena. Na so in yi magana, ga mutane na kallo, sai na laɓe bayan jaki. Ya harba da mai jijiya, ya ɗauko kibiyar, ya harba da zalla. Har sau uku ya maimaita, don kada zanen ya ce an yi masa rowa.

"Duk faɗin faƙon nan ba abu mai launi sai shi," in ji shi, da ya ga fuskata.

Na sauke zanen. Na zauna da allura. Tun da na ga kowane harbi da idona, don haushi na ɗinke hujin bakan Baffa da jan zare, na surukina da fari, in san wa zan fi jin haushi. Da na gama na ɗaga zanen, sai na ga abu. Ba wadda ta sami tambarin, duka sun faɗa ƙasa da shi. Amma jajayen uku suna kusa da shi, fararen uku suna can ƙasa da su da kamu guda. Na tuna buta. In kin tuttula ruwa da ƙarfi yakan miƙe ya yi nisa kafin ya sunkuya, in da sanyin hannu ne a gaban ƙafarki zai zuba. Ashe kibiya ma tun da ta bar baka take faɗuwa, marar sauri kuma ta fi samun lokacin faɗuwa.

Na nuna masa, na faɗa a hankali. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Iska ce. Kuma ɗan Sarkin Bakan Gangare ba zai roƙi ruwa da bakan Tudu ba."

Da safe gari ya taru. Na shimfiɗa tabarmata a gefe, na zauna na sunkuyar da kai. Maigida ya laluba kaya bai ga bakan ubansa ba, sai ya hangi bakinsa ya leƙo daga ƙarƙashin tabarma.

"Hansai, ɗan ɗaga."

Na ƙara sunkuyawa.

"Hansai, mutane na kallo."

Ai shi ya sa na zauna. Wane namiji ne zai ja tabarma daga ƙarƙashin matarsa a gaban gari?

Magajiya Tabawa ta ce, "Ango, rana na yi. Ko bakan ma sai amarya ta ja maka?"

Aka yi dariya. Ya fizgi mai jijiya ya ja har alamar gawayi ya saki. Goran ya tarwatse. Aka buɗe rijiya, muka sha, jaki ya sha. Da za mu tafi Magajiya ta danƙa mini curin gishiri a ɗan ƙoƙo, ta dubi gabana ta ce, "Ki riƙa lasa kaɗan kaɗan, 'yata. Na ga ku biyu ne."

"Mu biyu ne, Iya," in ji maigida. "Sai jaki."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Allah ya ba ni haƙuri.

Kwana uku bai ci abincin kirki ba don baƙin cikin ubansa ya sha kaye. A na huɗu ya wayi gari ya fi Baffa kansa yabon jijiya. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ji yadda muka gano gaskiya da zane. Ni dai na san rabin aiki ne. Rantsuwa biyu ce, amsa ɗaya ba za ta buɗe mini ƙofa ba, sai dai ta ƙara wa surukina taurin kai. Ina tafe ina kaɗa zare a kan jaki, don hannu ya sami abin yi.

Muka juya ta wata hanya, muka shiga Fadamar Gajimare. A can gajimare ke saukowa kiwo kamar shanu, makiyaya suna tatsar ruwa a ƙwarya. In ka taka wanda ke barci sai ya yi maka tsawa a ƙafa. Kwana tara muna ratsawa, komai namu ya jiƙe ba tare da an yi ruwa ba. Gishirina da ke kamar dutse ya fara tsatsafo, ya dunƙule, yana manne wa yatsa. Wata safiya ina gyara kaya na taɓa bayan bakan Baffa, na ji yana danƙo, ya yi laushi kamar gandar da ta kwana a ruwa. Na taɓa na surukina, raɓa ta tsaya a kan man kaɗen ƙwaya ƙwaya, ba ta shiga ba. Na riƙe a raina.

Ran nan da hantsi mun sauka a wani tsibiri tsakiyar kogi, sai garken gajimare ya firgita a can sama da mu, suka zubar da abin da ke cikinsu gaba ɗaya. Kogi ya taso. Mashigin da muka bi ya ɓace, tsibirin yana raguwa kamar tuwo a gaban baƙi. Wani makiyayi ya hango mu daga gaɓa, ya ɗaga murya ya ce mu harbo masa zare, zai ɗaura igiya mu ja, ya turo mana kwalekwale a jikinta.

Na ɗaura zaren da na kaɗa a gindin kibiya. Maigida ya ɗauki mai jijiya da fara'a, ya ja, ya saki. Kibiyar ta tashi kamar ba ta so, ta faɗa ruwa saura taki goma. Muka jawo ta. Ya sake, ta faɗa saura taki goma sha biyu. Ruwa ya kai wa Ba-Gaggawa gwiwa, shi da ba ya gaggawa ya fara duban inda zai bi.

Na kwance baka zalla na miƙa masa.

"Wannan da ya sha kunya a faƙo?"

"Gwada dai."

Ya karɓa don ba lokacin musu. Kibiyar ta tsallake kogi ta cake a gaban makiyayin har ya ja da baya. Muka ja igiya, kwalekwale ya zo, muka haye, jaki na iyo a baya yana hura hanci.

Muna taka gaɓa na kafa sanda biyu na rataya zanena da hannuna.

"Ke da kika yi kwana biyu ba ki kula ni ba a kan zanen nan?"

Na miƙa masa kibiya. Ya auna taki sittin, ya harba uku da uku. Wannan karon farare a sama, jajaye a ƙasa. Ya zauna ya riƙe kai ya ce ba shakka akwai aljani a zanen, gara a ƙona shi. Na ajiye ƙoƙon gishiri a gabansa, na sa yatsansa a ciki, sannan na ɗora yatsan a bayan bakan Baffa. Ya yi shiru irin wanda da ya yi shi a Birnin Kunnuwa da mun huta.

Makiyayin ya sauke mu a bukkarsa. Na rataya mai jijiya a saman murhu, na ajiye gishirin kusa da shi. Kwana bakwai gishiri ya koma dutse, bayan bakan ya ƙame har yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Muka fita da shi da ɗuminsa muka gwada, jajaye suka koma sama. Maigida ya yi ta zagaya zanen yana cewa, "Ashe duka biyun suna da gaskiya. Kowa a bayan gidansa ya gwada." Can ya tsaya ya dube ni da kyau, kamar ranar ya fara ganina. "Hansai, madarar gajimaren nan ta karɓe ki fa. Kin yi ƙiba ta gaba."

Makiyayin ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Ɗan'uwa, kana auna kibiya da ƙwayar gero, ba ka ga wannan ba? Ai ya kai wata biyar."

Maigida ya zauna a ƙasa daɓas. Na ga yana ƙirga da yatsu, na ga inda ya kai bakwai ya tsaya. Ya ce a hankali, "Shi ya sa kika hau jaki." Na rufe fuska da mayafi.

Tafiyar ƙasa wata uku ce zuwa gida. Makiyayin ya ce mu jira iska ta juya. Muka jira wata guda, sannan ya ara mana wata tsohuwar gajimare mai sanyin hali, muka hau har da jaki. Kwana uku ta sauke mu a bayan Gangaren Kwaɗi, ta yi ɗan yayyafi na sallama, ta koma.

Maigida ya aika aka kira Baffa. Ya zo yana cin magani, ya tsaya a bakin kogi ya ƙi shiga gari. Aka ajiye bakan biyu da ƙoƙon gishiri a wata rumfa ta bakin ruwa, kowane tsoho ya sa mai gadinsa. Bayan kwana bakwai gishiri ya jiƙe, na rataya zane, jama'a ta taru. Maigida ya yi bayanin kibiya ɗaya da ja ɗaya da huji na sama da na ƙasa, bayanin da ya isa a dafa wake.

Baffa ya ce, "Ɗan kwaɗo ba zai harba ba, zai yi wa ubansa kara. Ba ni."

Ya harba da hannunsa, uku da uku. Ya je ya duba zanen, ya auna da yatsu. Ya taɓa bayan bakansa, ya dubi yatsansa.

"A nan gidan kwaɗi," in ji shi, kamar ana cire masa haƙori, "baka zalla ya fi sauri."

Surukina, mai furfura har gira, ya taka rawa a gaban jama'a. Ya ce magana ta ƙare. Maigida ya ce, "Baba, da saura. A hau Tudu."

Aka hau. Aka shanya bakan biyu da gishirin a kan falalen dutse a wajen ƙofar gari, kwana bakwai. Ni a gindin wata tsamiya aka yi mini rumfa, don rantsuwar Baffa na nan. Daga wurin ina hango hayaƙin murhun Inna. Wata na bakwai ya kama kwana huɗu.

Ranar gwaji surukina ya karɓi kibiya yana murmushi. Ya harba uku da uku, ya je ya duba, murmushin ya tafi. Ya ce iska ce. Maigida ya sunkuyar da kai, ya san inda ya gaji maganar. Surukina ya sake uku da uku, ya ce rana ce ta shiga masa ido. Ya sake, ya ce an karkata sandunan. Zanena ya koma kamar rariya.

"Jatau," in ji Baffa, "in zanen kake so ka kashe, ya riga ya mutu."

Surukina ya ɗaga baka zai sake, sai idonsa ya faɗa kaina. Na miƙe tsaye don bayana ya gaji da zama, hannu ɗaya a ƙugu. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gari, ya sauke bakan.

"A kan wannan ƙonannen dutse naku," ya ce, "mai jijiya ya fi sauri. Na faɗa. Kada wanda ya sa ni in maimaita."

Sannan ya juya wurin ɗansa. "Wane malami ya koya maka gwaji da zane da gishiri? Wannan ba kanka ba ne, na san kanka."

Maigida ya gyara murya ya ce, "Ai mu ne muka..." Ya tsaya. Ya sosa ƙeya. "Ita ce, Baba. Ni harbi kawai na yi. Shi ma rabi da bakan da ba shi na zaɓa ba."

Ban san abin da aka ce bayan nan ba, don na ja mayafi har haɓa. Na dai ji surukina yana cewa a saƙa mini zane biyu, Baffa yana cewa uku, don a Tudu ba a rowa. Kafin su mai da shi wata rantsuwar na tsinke na shige gari.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ajiye rariya, ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta sa tafinta a bayana daidai inda yake ciwo, ba tare da na nuna ba. Sai da na gama kukana ta ce in ba ta labari. Na ba ta tun daga masu kunnuwa har gajimare. Da na zo kan gishiri da murhu sai ta yi tsaki.

"Wannan kuka je nema bayan duniya? Shekara talatin, da hadari ya taso nake kwashe bakunan Baffanki in rataye su saman murhu, in mayar kafin ya dawo. In ba haka ba wuni zai yi yana ƙorafi tsirkiya ta saki."

"Inna, kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, ran da ya dawo da rantsuwar nan. Ya ce in kula da miyata." Ta ɗauki ƙoƙon ta ɗanɗana. "Gishirin dai mai kyau ne. Tafiyar ba ta tashi a banza ba."

A nan hikayata ta sauka daga kan jaki. Na haihu a ɗakin Inna, hannunta a bayana. Tsofaffin nan biyu kuwa yanzu kowanne yana da ɗan ƙoƙon gishiri a bayan tulu, da bakan ɗan'uwansa a ƙarƙashin gado, kowanne yana zaton ba wanda ya sani. Wanda ya ce na ƙara wa labarin nan wani abu, zanen yana nan, da shi nake goyon jikansu. Ya zo ya ƙirga ɗinki, ja da fari, amma ya yi a hankali, yaron na barci.